Jifan Wanda Ya Faɗa Rijiya

Ku matso ku ji dalilin da ya sa mutanen Sin, in za su kwatanta mugun mutum, suke cewa mai jefa dutse ne a kan wanda ya faɗa rijiya. Tasi'u, saki ɗankwalin Hansatu ka zauna, ko in fara labarin da kai. Na san abin da ke bakinku: wane mahaukaci ne zai ga mutum a rijiya ya tafi neman dutse? Ni ma haka na tambaya, shekarun da nake zuwa birnin Guanzu na ƙasarsu sarin yadi, ranar da na ji wani tsoho mai sayar da ganyen shayi ya yaɓa wa wani ɗan kasuwa wannan magana. Tafintana ya fassara min, na ce ban gane ba. Sai tsohon ya ja min kujera. Malamansu suna da nasu bayanin a littattafai, wannan ban san shi ba. Na tsohon nan na riƙe, in kuma akwai ƙari a ciki, ni da shi muka raba laifin.

Can a zamanin da, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, jifan wanda ya faɗa rijiya ba mugunta ba ce. Taimako ne, babba ma kuwa. Kada ku zaro min ido, ku bari in kai ƙarshe.

Rijiyoyin ƙauyen faɗi ne da su, bangonsu kuma yumɓu ne mai santsi, babu inda mutum zai sa ƙafa ya hau. Ruwan ciki bai cika zurfi ba, amma ya ɗan fi tsayin mutum, daidai abin da zai cinye wanda ya gaji da iyo. Igiyar gugarsu ta karan shinkafa ce, tana ɗaukar guga, ba ta ɗaukar ƙato. Igiya mai kauri guda ce a duk yankin, tana wurin masu fito a bakin kogi, kuma kafin a je a dawo da ita rana ta yi nisa.

Saboda haka kakanninsu suka yi dabara. In mutum ya faɗa rijiya, sai a buga kuge, a tashi masu gudu su tafi aron igiya, sauran jama'a kuma kowa ya ɗauko dutse. Mai jifa zai leƙa ya faɗi sunansa, ya tambayi na ciki inda yake. Kowace rijiya akwai itacen rataya guga a gefenta na gabas, na ciki yana hango shi, don haka ba ya ɓata. In ya ce yana gabas, sai ya manne da bango, a saki dutsen a yamma. Ruwa ya tare dutsen, ya sauka a hankali. Na ciki ya yi ta jawo duwatsun da ƙafa yana tarawa, har ya samu tudun da zai tsaya kansa a waje, ya huta ya jira igiya.

Akwai wata ƙa'ida kuma. Duk wanda ya ga duwatsu suna sauko masa, tsoro ne yake kama shi, ya fara roƙon a daina. To an ce ba a saurarensa, tsoro ne yake magana ba shi ba. In ya fito, zai bi gida gida ya rusuna ya yi godiya ga duk wanda ya ji sunansa. A ƙauyen nan in ana yabon mutum, cewa ake yi bai taɓa jin kuge ya zauna ba, kullum da dutsensa a hannu.

Haka suke rayuwarsu har wata shekara da aka yi fari. Gonaki suka tsage, rijiyoyi suka ja baya, tsohuwar rijiyar bayan gari kuwa ta ƙafe ƙaf, abin da ko kakan kakansu bai taɓa gani ba.

A ƙauyen akwai wani mai saƙa kwanduna da gora, sunansa Kang Lu, da matarsa Su Yin. Da hannuwansa yake ci da iyalinsa, ba shi da gona sai 'yan agwagi. Maƙwabcinsa kuwa wani ne Duan Ho, mutum mai laushin murya, ba ka taɓa jin ya ɗaga ta. Tsakanin gidajensu akwai bishiyar lemu. Duan Ho ya ce tasa ce, Kang Lu ya ce ubansa ne ya dasa, aka je gaban dattawa suka ba Kang Lu. Duan Ho ya yi murmushi ya ce ba komai, lemu ai ba zai raba maƙwabta ba. Kowa ya yaba masa. Ni kam ko a kasuwa tsoron irin wannan nake ji, wanda aka kayar ya tashi yana murmushi.

Ku riƙe wannan kuma: Duan Ho ne ya fara gano tsohuwar rijiya ta ƙafe. Shi ya jefa dutse don ya ji ƙarar ruwa, ya ji dutsen ya daki ƙasa ya tarwatse, ya zo ya sanar da gari. Aka rufe bakinta da rassa da tabarmar kara aka manta da ita.

Wata safiya agwagwar Kang Lu ta tsere ta nufi bayan gari, ya bi ta da gudu. Agwagwa ta bi ta kan tabarma ta wuce lafiya. Shi da ya taka, sai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa. Ya faɗa kan busasshen taɓo, ƙafa ta gurɗe, amma bai karye ba. Ya zauna ya tattaɓa jikinsa, har ya yi wa kansa dariya. A ransa ya ce abin da sauƙi, tunda ba ruwa ba nutsewa, zama kawai zai yi a kawo igiya.

Wata mata mai neman itace ta ji kiransa, ta ruga gari. Aka buga kuge. Masu gudu suka tafi bakin kogi. Sauran jama'a kuwa, maza da mata, kowa ya sunkuya ya ɗauki dutse, don tun suna yara abin da kuge yake nufi ke nan.

Sai da suka taru a bakin rijiyar sannan kai ya ɗaure. Wani ya ce ai ba ruwa. Wata ta ce to in ba ruwa, dutsen na mene ne? Wani ya ce ba na komai ba ne, amma an buga kuge. Wani kuma ya ce in an tara duwatsun da yawa wataƙila ya taka ya fito, aka tambaye shi duwatsu nawa za su cika rijiya, ya ce shi ma bai sani ba. Suka juya ga dattijon ƙauyen, Tsoho Fan, mutumin kirki ne amma in abu ya fita daga yadda ya gada, sai ya tsaya yana jan gemu. Ya ce kakanni sun ce in mutum ya faɗa rijiya a jefa masa dutse. Ba su ce rijiya mai ruwa ba, ba su kuma ce marar ruwa ba. Aka tambaye shi to yanzu a jefa ko kada a jefa. Ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan.

Kang Lu yana jin su daga ƙasa. Ya ɗaga murya ya ce, "Baffa Fan, lafiyata lau. Ba ruwa a nan. Kada kowa ya jefa komai, igiya kawai nake jira."

Wannan magana ita ta ƙara rikita su. Wasu suka ce kun ji, ya ce a bari. Wasu suka ce ai duk wanda ya faɗa haka yake cewa, an kuma hana a saurara. Suka tsaya cirko-cirko da duwatsu a hannu, kowa yana kallon na kusa da shi.

Ana cikin haka Duan Ho ya iso, rungume da dutsen da ya fi na kowa, idanunsa sun kaɗa. Ya dube su ya ce shi bai taɓa zaton zai ga ranar da ɗan ƙauyen nan zai kwana a rijiya mutane suna tsaye suna shawara ba. Ya ce ko don an yi rigimar lemu ake zaton ba zai zo ba? Maƙwabcinsa ne, shi ya fi kowa haƙƙin fara jifa. Kunya ta kama jama'a, suka buɗe masa hanya.

Ya leƙa, da muryar nan tasa mai laushi. "Yaya Kang, ni ne Duan Ho. Ina kake?"

Kang Lu ya ce yana gabas, amma don girman iyaye kada ya saki. Kafin ya rufe baki dutse ya taho, kuma a gabas ya sauka. Ya shafi kafaɗarsa ya daki ƙasa ya fashe. Duan Ho ya dafe kai, ya ce hannunsa ne yake rawa don tashin hankali, gabas da yamma sun cakuɗe masa. Mutane suka yi ta ba shi haƙuri, wata tsohuwa har tana shafa masa baya.

Tunda an fara, sai layi ya miƙe. Kowa ya faɗi sunansa, ya tambaya, ya saki dutsensa a ɗaya gefen kamar yadda aka saba. Amma babu ruwan da zai tare. Duwatsun suka yi ta dukan juna suna tsalle, ɓaraguzai suna yankar Kang Lu a ƙafa da fuska, ƙura ta cika rijiyar. Yana roƙo, su kuma suna ce masa ya yi haƙuri, ya daure, an kusa. Wasunsu suna kuka suna jefawa. Mai ƙira na ƙauyen, abokin Kang Lu tun ƙuruciya, ya saki nasa ya koma gefe ya ce shi jikinsa yana ba shi ba daidai ake yi ba, amma ya rasa ta inda kuskuren yake.

Duan Ho ya dawo da wani dutsen, ya ce yana so ya gyara kuskurensa. A lokacin Kang Lu ya koma yamma. Aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya, dutse ya sauko a yamma. Da bai yi tsalle da ƙafa ɗaya ba, da labarin ya ƙare a nan. Duan Ho ya sake dafe kai.

Nan Kang Lu ya gane. Tsoro na gaske ya shige shi, wanda bai ji ba lokacin da yake faɗowa. Ya ɗaga murya ya ce Duan Ho da gangan yake yi. A sama aka girgiza kai, aka ce wayyo, tsoro ya fara taɓa masa hankali, har maƙwabcin da ya fi kowa ɗawainiya yake zargi.

To me zai yi? Ya yanke shawara in ya ji sunan Duan Ho zai yi ƙarya. Da mutumin ya sake zuwa ya tambaya, Kang Lu yana gabas ya ce yana yamma. Dutse ya sauka a yamma, inda ba kowa. Kang Lu ya sauke numfashi, ya ce ya samu mafita.

Sai dai Duan Ho ma yana da kunne. Bai ji tsalle ba, bai ji ihu ba, ya san an yi masa wayo. Ya tafi ya ɗauko wani dutsen ya dawo.

Daidai lokacin Su Yin ta iso. Tun asuba tana can ƙasan kwari neman ruwa, a hanya aka tare ta da labari, ta yar da tulun ta taho da gudu. Ta iso numfashinta yana sarƙewa, ba ta gani sosai, abin da ta sani kawai mijinta yana cikin rijiya. Duan Ho ya leƙa ya faɗi sunansa ya tambaya. Kang Lu yana manne da bangon gabas, ya ce yana yamma, kowa ya ji da kunnensa. Sai Duan Ho ya juya ya ɗora dutsen a hannun Su Yin, ya ce shi hannunsa ba shi da sa'a yau, matarsa ce ta fi cancanta.

Ba ta tsaya tunani ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Abin da ta gani ana yi tun tana goye shi ta yi. Ta zagaya gefen gabas, nesa da inda mijinta ya ce yake, ta ce, "Baban yara, ni ce Su Yin, ga nawa," ta saki.

Ƙarar da ta fito daga rijiyar nan, ko tsohon mai shayi bai kwaikwaya min ba, ni ma ba zan kwaikwaya muku ba. Kang Lu ya kare kansa da hannun dama, dutsen ya murƙushe hannun.

Su Yin ta tsaya kamar an dasa ta. Ba ihun ne kawai ya tsayar da ita ba, wani abu ne ta jira ba ta ji ba. Ta juya ta tambayi jama'a ina ƙarar ruwan. Aka ce ai ba ruwa, wannan ce rijiyar da ta ƙafe. Ta ce to me ake jefa masa dutse ya hau ya tsere wa? Tsoho Fan ya buɗe baki zai ambaci kakanni, ya dubi fuskarta ya fasa.

Ta zauna a bakin rijiyar ta zura ƙafafunta ciki. Ta ce duk wanda ya ƙara sakin ko tsakuwa, za ta bi bayanta ta faɗa. Wani ya fara tambayar in ta faɗa ita ma sai an jefa mata ne, mai ƙira ya ce ya rufe musu baki. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye duwatsunsu a ƙasa, suna kallon tafin hannunsu. Haka ta zauna cikin rana tana yi wa mijinta magana don kada ya suma, har masu gudu suka dawo da igiya aka jawo shi.

Ya rayu. Hannun dama kuwa bai sake riƙe gora ba.

Da ya samu sauƙi, aka tuna masa da zagayen godiya. Ya bi gida gida da hannu a naɗe, yana rusunawa mutanen da suka farfasa masa jiki, su kuma suna karɓar godiyar kansu a ƙasa, ba su san ko su ce ba komai ko su ce ya yafe musu ba. Da ya zo ƙofar Duan Ho, ya wuce bai tsaya ba. Duan Ho ya kai ƙara wurin Tsoho Fan, ya ce an ci masa mutunci, shi da ya fi kowa jigilar dutse.

Aka taru. Kang Lu ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Tsoho Fan ya tambaye shi ko dutsen Duan Ho ne ya karya shi, ya ce a'a. Ko dutsen Duan Ho ya fasa masa goshi, ya ce a'a, wannan na mai ƙira ne. Dattijon ya ja gemu ya ce to shi fa ya ruɗe. Waɗanda suka ji masa ciwo ya gode musu, wanda ko jini bai fitar masa ba shi yake zargi. Kuma da bakinsa ya ce yana yamma alhali yana gabas, ashe in akwai wanda ya karya ƙa'ida shi ne. Duan Ho yana gefe yana share ido, yana cewa shi dai ya san ya rikice, wa bai rikice ba ranar?

"Kowa ya rikice, Baffa," in ji Kang Lu. "Shi kaɗai ne bai rikice ba."

Tsoho Fan ya ce wannan ba abin da za a iya aunawa ba ne. Sannan ya tambaya, to dutsen wa ya karya hannun, tunda kowa yana faɗin sunansa? Duk wanda ke wurin ya san amsar. Kang Lu ya ce ƙura ta toshe masa kunne, bai ji sunan ba. Su Yin ta sunkuyar da kai.

Ba a hukunta kowa ba, don an rasa dokar da aka taka. Abin da suka iya yi shi ne suka haɗu suka tuƙa igiya mai kauri ta ƙauyensu, suka daina jifa kwata-kwata, ko da ruwa ko babu. Duan Ho kuwa ba wanda ya zage shi. Sai dai in ya haɗu da mutum a hanya ya tambaye shi ina za shi, sai mutumin ya dube shi ya wuce. Ko mata a bayan katanga, in ya yi sallama ya tambaya wa ke ciki, shiru suke yi. Babu mai yarda ya sake gaya masa inda yake. Kafin damina ta zagayo ya tattara kayansa ya bar garin.

Saƙar kwando ta koma hannun Su Yin. Kang Lu yana zaune kusa da ita yana nuna mata da baki, tana yi yana gyarawa, kwandunan suna fitowa a karkace. Wata rana tana cikin saƙa, ba ta ɗago ba, ta ce masa ta san ya ji sunan.

Kang Lu ya ce, "Na ji. Hannunki ne ya saki, amma ba ke kika jefa ba."

Ta ci gaba da saƙa, hawaye yana ɗiga a kan gorar, shi kuma ya nuna mata inda ta tsallake zare ɗaya.

Matafiya suka ɗauki labarin suka kai wasu garuruwa, inda ba a san wata al'adar jifa ba. Abin da ya jawo ke nan har yau, in mutanen Sin suka ga wanda ya iske ɗan'uwansa cikin masifa ya ƙara masa, sai su ce ya jefa dutse a kan wanda ya faɗa rijiya. Na tambayi tsohon mai shayi, to ai duk ƙauyen sun jefa, da wa ake? Ya ce ba da su ake ba. Da wanda ya san abin da dutse yake yi a rijiyar da ba ruwa ake.